Masu Cewa Wiwi Magani Ne, Ku Zo Mu Tambayi Ɓera



Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin samarinmu, daga tashar Ojoo har garejin manyan motoci, kuma mun gaji da jin ta babu mai mayar da martani. Cewa suke yi wiwi ganye ne kamar kowane ganye, Allah ne Ya tsiro da shi, yana kwantar da hankali, yana kore damuwa, kuma wai Turawa ma sun yi bincike sun gano magani ne. Da can mai shan wiwi ɓuya yake yi a bayan kango. Yau shi ne zai zaro waya ya nuna maka bidiyo, ya ce Kanada ta halatta tun 2018, Jamus ta bi sahu a 2024, to kai wane ne? Sai dattijo ya yi shiru, iyakarsa ya ce Allah Ya shirya. Addu'a ce mai kyau, amma yaron ya tafi da yaƙinin cewa shi ya ci muhawara.

Mu ba mu yarda ya ci ba. Tunda da binciken Turawa aka kafa hujja, to a shimfiɗa tabarma a buɗe binciken a gaban kowa. Mafi yawansa a kan dabbobi aka yi shi, ɓeraye da birai, kuma shedarsu tana da daraja: ɓera ba ya cin ribar dila, ba ya tsoron NDLEA, ba ya neman ƙuri'ar kowa.

Kada wani ya ce muna kambama ƙaramin abu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi amfani da wani kayan maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Yankin da ya fi kowane yawan masu shaye-shaye shi ne Kudu maso Yamma, da kashi 22.4 cikin 100. Wato nan inda muke zaune, inda muke kiwon 'ya'yanmu.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN KAI

A 1964 wasu masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, suka ware sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi, wanda ake kira THC. Sai da aka yi shekara 24 kafin a san ta inda yake shiga. A 1988, a jami'ar St. Louis ta Amurka, Allyn Howlett da William Devane suka gano a ƙwaƙwalwar ɓera cewa jikin ƙwayoyin jijiya yana da wasu 'yan ƙofofi da THC ke buɗewa kamar mabuɗi. Aka sa musu suna CB1. Daga nan wata tambaya ta taso: me zai sa a halicci ƙofa a kan ɓera, alhali ɓera ba ya nannaɗa taba? Amsar ta zo a 1992 da 1995, lokacin da aka gano cewa jiki da kansa yana ƙera nasa mabuɗan guda biyu, anandamide da 2-AG. Ashe ƙofar ta gida ce, mabuɗinta na gida ne, THC kuwa mabuɗin ɓarawo ne da ya dace da ita.

Mene ne aikin mabuɗan gida? Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji ya san aikin karen mota. Direba yana ribas, ba ya ganin baya, sai karen mota ya bubbuga jikin mota, ya isa, taka birki. Haka ƙwayoyin jijiya suke. Wata tana aika wa wata saƙo, idan saƙon ya yi yawa sai mai karɓa ta ƙera wannan sinadari nan take, ta mayar da shi baya, ta ce a sassauta. Rachel Wilson da Roger Nicoll ne suka nuna haka a 2001 a jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco. Jiki yana ƙera shi ne a inda ake buƙata, a lokacin da ake buƙata, sannan ya rushe shi cikin ɗan lokaci. THC ba ya da wannan ladabi. Yana shiga ko'ina a lokaci guda, ya zauna awanni, ragowarsa kuma ta maƙale a kitsen jiki kwanaki. Ku ƙaddara garejin Akinyele a ce duk karnukan mota sun hau bubbuga motoci gaba ɗaya, awa uku ba tsayawa, da mai buƙatar birki da wanda ya kamata ya taka totur. Wane kaya ne zai isa Kano?

A 1990 Miles Herkenham ya zana taswirar inda ƙofofin nan suka fi yawa. Suna jibge a sashen da ke adana sabon tunani, da sashen da ke daidaita tafiya da motsi. Sun yi ƙaranci a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi. Shi ya sa wiwi ba ya tsayar da numfashi ya kashe mutum a dare ɗaya kamar yadda taramol da kodin ke yi. Wannan gaskiya ce, kuma masu kare wiwi suna son ta ƙwarai. Sai dai gara ma ba ta rushe gida a dare ɗaya, amma babu mai hankalin da ke kiwon ta a azararsa.

AKAWUN DA YA AJIYE BIRO

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ake kira hipokampus. Aikinsa irin na akawun maigida ne a kara: wa ya kawo shanu nawa, wa ya ɗauka bashi, wa ya biya rabi. Masu bincike suna gwada shi da wani akwati mai lunguna takwas, a sa abinci a ƙarshen kowane lungu, a saki ɓera a tsakiya. Lafiyayyen ɓera yana bin lungunan ɗaya bayan ɗaya, ba ya komawa inda ya riga ya cinye. Idan aka ba shi THC sai ya riƙa komawa lungun da ya bari yanzu-yanzu, yana neman abin da ya riga ya haɗiye. Aron Lichtman da abokan aikinsa a Virginia sun nuna a tsakiyar shekarun 1990 cewa ko a cikin hipokampus kaɗai aka ɗiga irin wannan sinadari, mantuwar tana faruwa, kuma idan aka ba da maganin da ke toshe ƙofar CB1 sai ta gushe. Babu sauran musu game da inda ɓarnar take.

Ku lura da irin mantuwar. Ɓeran bai manta cewa akwai abinci a akwatin ba, abin da ya yi minti biyu da suka wuce ne ya kasa riƙewa. Tsohon littafi yana nan, akawu ne ya ajiye biro. Shi ya sa yaron zai ce maka, ni ƙwaƙwalwata garau, ga sunan kakata, ga sunan ƙauyenmu. Gaskiya ne. To nawa ne canjin da aka ba ka ɗazu? Me ubangidanka ya aike ka ka sayo a Bodija? A wace aya aka tsaya jiya a makarantar dare?

Abin ya fi muni idan ƙwaƙwalwar ɗanya ce. A 2003, a jami'ar Bremen ta Jamus, Miriam Schneider da Michael Koch suka ba ɓeraye masu tashen balaga wani sinadarin roba mai buɗe ƙofar CB1 na tsawon kwana 25, suka ba manyan ɓeraye irinsa. Aka daina, aka jira. Manyan suka koma daidai. Waɗanda aka ba suna tasowa kuwa har suka girma ba su iya bambance abin da suka saba gani da sabon abu yadda ya kamata, kuma himmarsu ta neman abinci ta ragu. A 2014 masu bincike a jami'ar Pittsburgh suka ba da rahoton birai matasa da aka yi wa allurar THC wata shida. Sa'o'insu suna ƙara ƙwarewa wajen tuna inda aka ajiye abu yayin da suke girma, su kuwa aka bar su a baya. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, yaranmu kuwa wasu tun suna 14 ake miƙa musu.

A kan mutane ma an bi sawu. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi mutum 1,037 tun daga haihuwa har shekara 38, aka samu waɗanda suka fara tun suna samari suka kuma lizimta sun yi asarar kimanin maki 8 a ma'aunin kaifin basira. Masana suna ja-in-ja a kan nawa ne laifin wiwi, nawa ne na talauci da halin gida. A nan ne shedar dabba take da amfani, domin ɓeran Bremen ba ɗan talaka ba ne, ba kuma ɗan mai kuɗi ba. Keji ɗaya, abinci ɗaya, sinadarin ne kaɗai ya bambanta su.

Yanzu ga binciken da ake yawo da shi a waya ana cewa wiwi yana gyara ƙwaƙwalwa. An yi shi, ba ƙarya ba ne. A 2017 masana a jami'ar Bonn ƙarƙashin Andreas Zimmer suka ba ɓeraye ɗan mitsitsin THC, wanda aka auna, na kwana 28. Tsofaffin ɓeraye masu wata 12 da wata 18 tunaninsu ya inganta. Amma a cikin gwajin nan akwai rukuni na uku, ɓeraye masu wata 2, wato matasa, kuma su lalacewa nasu ya yi. Mai haɗa bidiyo ya yanke wannan ɓangaren. Samarinmu, a cikin wannan gwaji ku ne ɓera mai wata biyu.

MAI SATAR AKUYA DA TAYA CIGIYA

Sai babbar hujjarsu, wai yana maganin damuwa. Ana gwada tsoro a ɓera da wani dandamali mai siffar mararraba, a ɗaga shi sama da ƙasa, hannu biyu masu bango, biyu a buɗe. Ɓera mai fargaba yana lafewa a lungu mai bango, mai natsuwa yana leƙa fili. An maimaita gwajin nan a ƙasashe da dama, sakamakon kuma fuska biyu gare shi. Idan sinadarin ɗan kaɗan ne, ɓera yana fita fili. Idan aka ƙara, sai ya ƙanƙame a lungu fiye da wanda ba a ba komai ba. Abu ɗaya ne, awo ne ya raba natsuwa da firgici.

To wa ke riƙe da ma'auni a bayan tasha? Mai bincike yana auna nauyin ɓera, ya auna sinadari da sikelin da ke gane ƙwayar ƙura. Yaronmu yana karɓar ƙulli a takarda daga hannun wanda shi ma bai san abin da ke ciki ba. Kuma wiwin yau ba na jiya ba ne. A Amurka, inda suke auna wanda aka kama duk shekara, ƙarfin THC ya tashi daga wajen kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa wajen kashi 12 a 2014. Irin wannan ne ake shigo da shi da sunan Loud, ana alfahari da tsadarsa. Wanda ya taɓa ganin yaro ya sha ya hau waige-waige, zuciya na bugawa, yana rantsuwa ana bin sa, ya ga ɓeran da ya lafe a lungu.

Za su ce, ai ni idan ban sha ba ne nake shiga damuwa, da na sha sai in ji sakayau. Wannan ma an gwada. A 1997, a cibiyar Scripps ta Kalifoniya, aka ba ɓeraye sinadari mai buɗe CB1 na mako biyu, sannan aka yanke tasirinsa farat ɗaya. Sai sinadarin tashin hankali da ake kira CRF ya yi ambaliya a amigdala, wato sashen da ke aikin maigadi a ƙwaƙwalwa, mai busa usur idan ya hango haɗari. Irin wannan ambaliya ake gani a dabbar da aka yanke wa giya ko hodar ibilis. A shekarar dai, masana a Cagliari ta Italiya suka nuna THC yana ɗaga sinadarin dofamin, mai sa a so maimaita abu, a daidai wurin da hiroyin ke ɗaga shi. Saboda haka damuwar da yake ji da safe, wadda zuƙa ɗaya ke kwantarwa, sau da yawa wiwin jiya ne ya haife ta. Ya sace maka akuya da dare, da safe ya zo taya ka cigiya, har kana sa masa albarka.

Akwai abin da ya fi wannan ban tausayi. A 2002, a cibiyar Max Planck da ke Munich, Giovanni Marsicano da Beat Lutz suka yi gwaji da ɓerayen da aka haifa babu ƙofar CB1. Aka koya musu tsoron wata ƙara ta hanyar haɗa ta da ɗan jan lantarki, daga baya aka riƙa kaɗa ƙarar babu lantarki. Ɓeraye masu ƙofa suka gane haɗari ya wuce, suka saki jiki. Marasa ƙofa suka daɗe suna sandarewa duk lokacin da suka ji ta. Ashe da wannan tsari ne Allah Ya ba mai rai ikon sauke tsoron da lokacinsa ya wuce. An ƙara tabbatar da haka da tsada: a 2006 Turai ta amince da wani maganin rage ƙiba mai suna rimonabant, wanda aikinsa toshe CB1 ne, a 2008 aka janye shi daga kasuwa saboda baƙin ciki da fargabar da yake jefa mutane. Mai shan wiwi kullum kuwa da hannunsa yake rage wa kansa ƙofofin nan, domin idan aka dame su da bugu sai ƙwayar jijiya ta janye su ciki. Hoton ƙwaƙwalwar masu sha kullum da aka ɗauka a Amurka, aka wallafa a 2012, ya nuna sun ragu da wajen kashi 20 cikin 100. Ya je neman maganin damuwa, ya dawo ya jinginar da wanda aka haife shi da shi.

MAGANIN DA SUKE NUFI

Shin babu magani ko kaɗan a ganyen? Akwai. Wani sinadari ne daban mai suna CBD, wanda ba ya sa maye. A watan Yunin 2018 Amurka ta amince da Epidiolex, tataccen CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Likita ke rubuta shi, da awo ake ba da shi. Wiwin kasuwa kuwa an yi ta aurar da irinsa ne don THC ya hau, CBD ya sauka, saboda maye ake saye. Allurar kashe zafin da ake yi wa wanda aka yi wa tiyata a UCH daga tsiron da ake yin hiroyin take fitowa, amma ba mu taɓa jin wanda ya ce hiroyin maganin gargajiya ne ba. Ko ƙuri'ar da aka kaɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 2 ga Disamba 2020, wadda aka ci da 27 a kan 25, cire wiwi ta yi daga jerin mafi tsanani don a samu damar bincike da magani. Yana nan a jerin abubuwan da ake tsare da su, Najeriya ma ƙin amincewa ta yi.

Shi kuwa Kolos, ko sunan ganye bai cancanta ba. Sinadaran roba ne ake fesawa a kan busasshen haki. Da yawa daga cikin na farkonsu wani malamin jami'a a Amurka, John Huffman, ya haɗa su don gwaji a ɗakin bincike, 'yan kasuwa suka kwashi tsarin. THC rabin murɗawa yake yi wa mabuɗi, waɗannan har ƙarshe suke murɗawa, shi ya sa ake ganin suma da jijjiga da mutuwa. A Saliyo, inda ake kiran irin wannan haɗi Kush, sai da shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilun 2024.

NAMU LAIFIN

Idan muka tsaya a kan samari kaɗai mun yi rashin adalci. Manya suna da nasu kason, kashi uku.

Na farko, ƙari a kan gaskiya. Ana gaya wa yaro zuƙa ɗaya hauka ne, ƙwaƙwalwa narkewa take yi. Asalin wannan magana wani gwaji ne da Robert Heath ya yi da birai a shekarun 1970, amma da aka sake shi da birai masu yawa a jihar Arkansas, aka shaƙa musu hayaƙi shekara guda, ba a ga mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba. Yaro yana ganin abokinsa ya shekara biyar yana sha yana kuma tuƙa acaɓa, sai ya tattara duk nasihar ya zubar, da ta gaskiya da ta ƙari. Gaskiyar kuwa ta isa. Binciken da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Brazil, wanda ya fito a 2019, ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba wajen sau uku a haɗarin taɓin hankali, idan mai ƙarfi yake sha kuma wajen sau biyar. Likitocinmu ma ba yau suka fara gani ba. Tolani Asuni a 1964 da Adeoye Lambo a 1965, dukkansu na asibitin Aro da ke Abeokuta, sun yi rubutu a kan wiwi da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar nan.

Na biyu, mari. A watan Nuwamban 2019 'yan sanda suka fito da mutum 259 daga wani gidan horo a nan Ojoo, wasu da sarƙa a ƙafa. Makonni kaɗan kafin nan an fasa irinsa a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da Katsina. Iyaye da yawa da hannunsu suka kai 'ya'yansu, da kuɗinsu, da kyakkyawar niyya, saboda shaye-shaye. To ku ji abin da ɓera ya ce a kan wannan. Idan mai bincike yana son ya jefa ɓera cikin damuwa mai ɗorewa, hanyar da ya sani ita ce ya tsare shi a inda ba ya iya motsi, awanni kullum. A ɗakin binciken Bruce McEwen a New York an nuna mako uku na haka yana sa rassan jijiyoyin hipokampus su ƙanƙance. A Bangalore ta Indiya, Sumantra Chattarji ya nuna a 2002 cewa na amigdala ƙaruwa suke yi. Akawu ya rame, maigadi ya yi ƙiba. An kuma nuna dabbar da ta daina neman ƙwaya tana komawa nema idan aka azabtar da ita. Wato sarƙa tana ƙarasa aikin da wiwi ya fara, a daidai sassan da ya fara. Wanda ya ɗaure ɗansa bai yi masa magani ba, hana idon unguwa ganin sa kawai ya yi.

Na uku, cin moriya. Akwai iyayen gidan da suka san yaransu na sha, suka kawar da kai saboda wai yana sa su jure lodi da tafiyar dare. Akwai masu neman kujera da ke tuna samarinmu duk bayan shekara huɗu, su zo da abin da ke cikin leda. Idan yaron ya lalace sai a sallame shi a ɗauko wani daga gida. Waɗannan su ne suka fi kowa ɗaga murya wajen cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya.

ABIN DA ZA MU RASA

An kafa Sabo a 1916. Baturen nan Abner Cohen, wanda ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi a kanta, abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda fataucin goro da shanu ke tafiya a kan amana: a ba da garke bashi babu takarda, a kawo kuɗi daga nesa babu rasit. Jarin Bahaushe a Kurmi ke nan, kai mai riƙe lissafi da zuciya mai sanyi. Waɗannan biyun kuwa su ne daidai abin da ɓeraye suka nuna THC yana ci. Kuma mu baƙi ne. Wanda ya ga Shasha a watan Fabrairun 2021 ya san yadda cacar baki tsakanin mutum biyu ke zama gobarar da ke cin kasuwa. Ba mu ce wiwi ne ya haddasa ta ba. Cewa muka yi al'ummar da zamanta ya dogara da haƙuri ba ta da halin tara samarin da maigadin kansu ke busa usur babu dalili.

Doka kaɗai ba za ta yi mana ba. Tun 1966 aka yi dokar soja da ta tanadi har hukuncin kisa ga mai noma wiwi, aka kafa NDLEA a 1989, ga shi har yau ana nome shi a dazukan Ondo da Edo da Osun. Saura namu.

Muna kira ga sarakunanmu da shugabannin kasuwa da na tasha su kafa sharaɗi a fili: ubangidan da aka samu yana ba yaro, ko ɗan siyasar da ya raba, a kira sunansa a gaban jama'a. Malamanmu sun daɗe da bayyana hukuncin abin da ke gusar da hankali, muna roƙon su ƙara da gayyato likitoci, ga Jami'ar Badun nan kusa da mu, a zauna bayan sallar Isha'i a yi bayani da Hausa, a bar samari su yi tambaya babu tsawa. Iyaye kuma, wanda ɗansa ya fara magana shi kaɗai, ko ya daina barci, ko yake zargin kowa, a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na UCH ko asibitin Aro. A yi addu'a, a kuma hau mota. Mu kafa asusun da zai ɗauki kuɗin motar da na magani ga wanda ba shi da hali, kamar yadda muke haɗa kuɗin kai gawa gida.

Ku kuma ƙannenmu, ba mu zo da bulala ba. Kun ce ba ya riƙe ku, duk ranar da kuka so za ku bari. To ga gwaji, ku ne masu binciken, ku ne kuma shedu: mako huɗu babu zuƙa. Kwana biyu zuwa shida na farko su ne masu wuya, za a yi rashin barci, da saurin fushi, da rashin cin abinci, da mafarkai barkatai. Wannan ba alamar kuna buƙatarsa ba ce, usur ɗin maigadi ne kafin ya gane babu ɓarawo, kuma yawanci yana lafawa cikin mako biyu. Binciken nan na 2012 da ya nuna ƙofofi sun ragu, shi ne kuma ya nuna sun dawo bayan kimanin mako huɗu da dainawa. Wanda ya cika mako huɗu ya ga da idonsa abin da ake karɓe masa. Wanda ya kasa, ya samu amsar tambayarsa, kuma ƙofarmu a buɗe take, ya zo mu raka shi wurin likita ba tare da kowa ya ji ba.

Allah Ya tsare mana hankulanmu da na zuriyarmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. A tura wa wanda ya kamata ya gani.